Ƙafar Hagu da Masu Dubiya

Da likitoci suka ce za su tsaga ƙirjina su gyara hanyoyin jinin zuciya da suka toshe, ƙirjin na shirya wa. Na yi wasiyya. Na bi gidajen unguwarmu ta Birni ɗaya bayan ɗaya na nemi gafara. Na damƙa wa babban ɗana mabuɗin rumfa. Ƙafa kuwa ko sau ɗaya ban kawo ta a raina ba.

Sai da na farfaɗo a wani asibiti a Tunis, inda ɗan nawa ya raka ni, na ga ƙafata ta hagu naɗe da farin ƙyalle tun daga idon sawu har saman gwiwa. Na tambaye shi ko faɗowa na yi daga kan gadon aiki ina barci.

Ya ce, "Baba, ai daga nan suka zaro jijiyar da suka yi wa zuciyar sabuwar hanya. An gaya maka tun kafin a shiga da kai."

Mai yiwuwa an gaya mini. Faransancina na aji shida ne na lakwal, makarantar boko, tafiya yake yi, ba ya gudu, mutanen can kuwa da gudu suke magana. Amma ban yi musu ba, don ni baduku ne, ɗan baduku. Na fi shekara arba'in ina ɗinka jaka da kube da tumtum da takalmi. Na san in jaka ta yage a gaba, daga ciki inda ba a gani ake yanko maho. Abin da suka yi ke nan, kuma daidai ne.

Bayan wata guda muka dawo Damagaram. Ƙirji ya yi biyayya. In zan yi tari sai in rungume matashi kamar yadda aka koya mini, in zan tashi sai in mirgina gefe tukuna, ko buta cike ban ɗaga ba. Ƙafar da aka ɗan taɓa a kan hanya, ita ce ta tayar da rigima.

Da asuba ƙafa ce kamar ta kowa. Da hantsi ta fara nauyi. Kafin la'asar idon sawu ya nutse, yatsu sun gajarce, fata tana sheƙi. In na danna da babban yatsa sai rami ya zauna kamar an danna dawon fura, ya daɗe bai cike ba. Ciwon kuma iri biyu ne. Akwai zugi a tsawon ɗinkin, mai zuwa yana tafiya. Akwai kuma matsewa, irin ta fata da aka jiƙa aka ɗaure a jikin itace aka bar ta a rana. Wannan ta biyu ita ke sa ni yi wa mutanen gida faɗa ba dalili. Kusa da idon sawu akwai wani wuri mai faɗin tafin hannu wanda ba ya jin komai. Ƙuda zai sauka ya gama hidimarsa ya tashi ban sani ba.

Likitar da ke duba ni a nan mace ce, sa'ar ƴata ta biyu. Ranar farko ta ce kumburin ba abin tsoro ba ne. An cire babbar hanya, jini na neman ƙananan hanyoyi ya koma sama, sai an taimake shi. Ta fara jero dokoki, na ce ta dakata in fito da kaye, littafin rubutuna, da bik, domin abin da ba a rubuta ba ba a faɗe shi ba a wurina.

Ta farko, duk lokacin da ba tafiya nake yi ba, ƙafa ta kasance a sama, ta fi ƙirji tudu. Ta biyu, tafiya a tsakar gida safe da yamma. Ta uku, wata doguwar safa mai matsi, a saka ta da sassafe tun kafin ƙafa ta fara kumbura. Ta huɗu, a rage gishiri. Ta biyar sau biyu ta maimaita tana kallon matata: ba tsaga, ba ƙaho, ba gashi da ruwan zafi, domin maganin da nake sha yana tsinka jini.

Ni mutum ne mai bin doka. A rumfata kowace basilla tana da raminta, kuma wanda ya mayar da wuƙa inda ba nan ya ɗauke ta ba ya san abin da zai ji. Saboda haka na tsara ranata. Bayan sallar asuba, safa. Bayan safa, magani. Bayan magani, zagaye goma daga bakin rijiya zuwa gindin dalbejiya. Daga nan in koma gadon da aka fito mini da shi ɗakin baƙi, in ɗora ƙafa a kan tumtum biyu na ɗinkin hannuna. Miya kuwa aka mai da ita lami, na ci ban ce uffan ba.

Da muka koma randebu na biyu, ranar da likita ta sa mana, da ƙafata ta lafiya na shiga gaba, ina jiran yabo. Likita ta cire safa, ta danna, ta ɓata fuska. Ta ɗaga pansama, audugar da aka manna a ƙasan ɗinkin, kusa da idon sawu, ta ga wurin ya ɗan buɗe yana tsattsafo ruwa.

Ta ce, "Baba, ba ka ɗaga ƙafar nan."

Na ce, "Ƴata, ni ba a taɓa ce mini ban bi doka ba. Ga kaye."

Ta ce, "Kayen ya bi doka, Baba. Ƙafar ce ba ta bi ba."

Matata ta sa mayafi ta rufe baki. Na gan ta.

Likita ta ci gaba, wannan karon ba wasa a muryarta. Ta ce kumburin shi ke jan bakin ɗinkin, muddin bai sauka ba wurin ba zai haɗe ba, kuma buɗaɗɗen wuri a ƙafa mai kumburi ƙofa ce ga ruɓa. Ta ba ni mako uku. In ba a ga canji ba za ta rubuta takarda a kai ni Yamai, a kwantar da ni wurin masu wannan fanni.

Yamai yini guda ne cur a cikin kar, babbar motar fasinja, da ƙirjin da aka tsaga aka ɗaure da waya, kowane rami a hanya sai ya gaisa da ƙashina. Kuma na riga na sha kwanciyar asibiti a garin mutane, inda ba ka jin kiran sallar masallacinku, ba ka san wanda ya rasu ko wanda aka haifa ba. Na yi wa kaina alkawari ba zan koma ba in dai akwai dabara.

Da muka isa gida na sa aka kawo mini siririyar fata daga rumfa, mai tsawon kamu biyu. Kowace rana sau biyu, bayan asuba da bayan la'asar, sai in zagaya ta a daidai saman idon sawu, in huda inda ta haɗu da basilla, in rubuta ranar a gefe. Haka nake auna ƙafar mai takalmi, ban ga dalilin da zai sa tawa ta fi ƙarfin awo ba.

Da mako ya cika na shimfiɗa fatar a cinya na duba. Hudar asuba duk kusan wuri guda suke. Na la'asar su ne suka watse. Talata da Laraba da sauƙi. Alhamis ta fi kowace rana nisa, Juma'a na biye da ita. Na ce to, wane abu ne ake yi mini ranar Alhamis?

Na fara da abinci. Na kira matata na ce ta faɗi gaskiya, ranar Alhamis wa ke sa wa miya gishiri.

Ta ce, "Malam, miyarka ko akuya ta lasa sai ta yi ƙara wurin mai unguwa. Ba gishiri ba ne."

"To zafi ne."

"Ranar Alhamis kaɗai rana ke fitowa?"

"To ki faɗa mana, tunda ke ce likita yanzu."

Ta jawo kujera ƴar tsugune ta zauna, abin da ba ta cika yi ba da rana. Ta ce, "Ranar Alhamis kasuwa ke ci. Su wa ke zuwa gidan nan in sun gama kasuwa?"

Na ce dangi. Na Mirriya, na Tirmini, na Takaya, duk wanda ya shigo gari sai ya biyo ya duba ni, Allah ya saka musu.

"Juma'a fa?"

"Mutanen unguwa, in an sauko."

"In an yi sallama me kake yi?"

"Ina amsawa."

"Kafin ka amsa."

Kafin in amsa, ina sauke ƙafa. In tashi zaune, in sa hula, in gyara riga, in zuro ƙafafu biyu ƙasa kamar mutumin kirki, sa'an nan in ce a shigo. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin karya doka ba, kamar yadda ba ka ɗaukar numfashi a matsayin aiki. Ni ina kan gado, baƙi suna kan tabarma. In na bar ƙafa a kan tumtum, tafin ƙafata zai kasance daidai fuskar mutum. Mutumin da ya baro garinsu tun safe, ya ƙi komawa sai ya gan ni, shi zan tarba da tafin ƙafa? Tun ina ɗan shekara bakwai aka cire mini wannan daga jiki.

Dubiya kuma a wurinmu ba leƙe ba ce. Akwai gaisuwa, sai ta kai ga kowa na gida. Akwai ruwa. Akwai shirun da ake yi tare. Akwai labarin wani da ya yi irin ciwon nan, wanda yawanci bai tashi ba. Akwai shawarar magani, akwai addu'a, akwai sallama, akwai kuma abin da aka tuna a bakin ƙofa aka dawo aka zauna. Kafin wannan ya sa takalmi wani ya cire nasa. A lissafina ina ɗaga ƙafa duk sanda nake ni kaɗai. Abin da ban lura ba shi ne, daga hantsi zuwa magariba ba na taɓa zama ni kaɗai.

Na ce, "Me ya hana ki gaya mini tuntuni?"

Ta ce, "Na gaya maka sau uku. Ka ce ba ya cikin kaye."

An gano ciwo, saura magani, kuma na bi shi daki-daki. Dabara ta farko, na sa aka lulluɓe ƙafar da zane tana kan tumtum. Baƙon farko da ya shigo taubashina ne daga Tirmini, ɗan ƙanwar babana, wanda tun muna yara bakinsa ba ya raga mini. Ya tsaya a ƙofa ya kalli tudun da ke lulluɓe.

Ya ce, "Inna lillahi! Ashe ƙafar ta riga ka? Yaushe za a kai ta?"

Na ce, "Shigo ka zauna, bawan gidanmu."

Ya ce, "Ba zan zauna gaban gawa ba alwala. Kai dai da ma rowa ce ta toshe maka zuciya, yanzu ga ta ta sauko ƙafa."

Shi da wasa ya faɗa, amma bayansa limamin unguwa ya shigo, kuma zane ko ba zane, ni na san inda tafin ƙafata ke kallo. Kafin ya gama sallama na sauke ta.

Dabara ta biyu, aka juya gado ƙafa ta kalli bango. Sai ya zama na ba baƙi ƙeya. Wani dattijo daga Takaya ya yi ta magana da hulata, ni kuma ina murɗa wuya in gan shi har ƙirji ya fara ja. Wannan ta fi ta farko muni. Yini ɗaya ta yi.

Ta uku matata ce ta kawo ta, ban so ba. Ta ce za ta tsaya a zaure ta ce ina barci. Ranar farko ta mai da mutum huɗu. Da yamma labari ya zagaya Birni cewa jikina ya rikice har ba a barin a gan ni. Washegari waɗanda suka zo sun ninka, wasu mata da kuka suka shigo. Dole na tashi zaune, da hula, da ƙafafu a ƙasa, don kowa ya gani da idonsa ban mutu ba. Hudar la'asar ta ranar ta wuce duk na baya.

Saura kwana tara randebu. Na daina yi wa kowa faɗa, abin da ya tsorata mutanen gida fiye da faɗan.

Ranar Alhamis da hantsi aka ce ga Baffa nan. Baffa ƙanin babana ne, shi ya koya mini dukanci bayan na bar lakwal. Ya haura tamanin da nisa, yana zaune a Mirriya wurin ƴarsa, bai cika fita ba saboda baya da idanu. Shekara goma sha biyu na yi a gabansa. Shi ne mutumin da in ka miƙe ƙafa a rumfa ba ya magana, ƙotar basilla kawai za ka ji a ƙaurinka. Har yau in na ji tarinsa sai na gyara zama.

Na sauke ƙafa da sauri har tumtum guda ya gangara. Na sa hula. Na yunƙura zan sauko in durƙusa, matata ta riƙe ni.

Ya shigo da sandarsa, ya ƙi tabarma, aka ba shi kujera. Muka gaisa. Bai tambayi zuciya ba, bai kawo labarin wanda ya mutu ba. Ya sha ruwa ya ajiye kwanon.

Ya ce, "An ce Larabawa sun yi maka ɗinki kamu biyu."

Na ce, "Haka ne, Baffa."

"Da me?"

"Wani wuri da zare, wani wuri da ƴan ƙarafa, an cire su."

"Ina aikin?"

Na nuna ƙasa. Na fara jan ƙafar wando, matata ta durƙusa ta zare safa.

Ya buga sanda. "Kai! Shekara nawa ka yi a gabana? Tun yaushe nake sunkuya wa aiki?"

Gaskiyarsa. A rumfar dukawa, in aka kawo aikin wani a gani, babba ba ya duƙawa. Ɗaga aikin ake yi a kai shi daidai idonsa, a juya shi wajen haske, a riƙe har sai ya ce a sauke. Haka na yi masa da jakata ta farko har hannuwana suka yi rawa.

Na ce, "Baffa, ƙafa ce."

Ya ce, "Na ce maka hannu ne? Ɗago."

"Tafin zai kalle ka."

"Ni ɗinki na zo gani. Ke, ɗiyata, ja gadon nan bakin ƙofa, nan duhu. Ki ƙara masa tumtum, bai kai ba."

Aka ja gado. Aka jera tumtum uku. Na kwanta rigingine, na ɗora ƙafa, diddigena ya tsaya bai fi taƙi guda daga gemun Baffa ba. Na rufe ido don kunya.

Matata ta ce, "Baffa, likita ta hana taɓawa, musamman nan ƙasa wurin pansama."

Ya ce, "Wanda ya san aiki ba ya taɓawa."

Ya ciro tabarau. Ya fara daga saman gwiwa, yana bin layin da ido a hankali, yana gunaguni. Ya daɗe sosai. Can ya ce, "Hannu biyu ne suka yi aikin nan."

Na buɗe ido. "Yaya ka sani?"

"Daga nan zuwa gwiwa, tazarar huda ɗaya ce, layi a miƙe. Wannan babba ne, ya iya. Daga gwiwa zuwa ƙasa hannu ya canza, yana sauri, ya gaji ko yunwa yake ji. Ba laifi, zai iya nan gaba." Ya matso da fuska. "Amma wannan buɗewar ta ƙasa ba laifin mai ɗinki ba ce. Laifin mai ajiya ne."

Ya ce, "In ka ɗinka salka ka ɗura mata ruwa tun ɗinkin bai zauna ba, ka rataye ta, ina ruwan ke taruwa?"

"A ƙasa."

"Ina take fara yoyo?"

"A ƙasa, Baffa."

"To kai da furfurarka ka rataye aikin mutane tun safe har yamma, cike da ruwa. Mutum ya ɓata yininsa ya yi maka ɗinki, kai kana lalata masa. Ni na koya maka haka?"

Ana cikin haka aka yi sallama. Jikina ya motsa da kansa, ƙafa ta fara zamewa daga tumtum. Ƙotar sanda ta sauka a kan gado, kusa da ƙaurina na dama, ba da ƙarfi ba.

Ya ce, "Ban ce a sauke ba."

Mutum uku ne daga Takaya, biyu sun girme ni. Suka shigo suka tarar da ni kwance, ƙafa a sama, tsoho mafi shekaru a danginmu zaune a gindinta. Suka tsaya ba su san inda za su sa idonsu ba.

Baffa ya ce, "Ku matso ku ga aiki. Kai, zo nan wajen haske. Ka taɓa ganin layi irin wannan a jikin mutum? Dubi nan. A'a, kada ka taɓa."

Suka matso. Suka duƙa suna kallo, suna salati. Ɗayansu ya ce shi ma an taɓa ɗinke shi a ciki, amma nasa kamar an ɗaure bakin buhu. Ya ɗaga riga, Baffa ya duba ya tabbatar. Aka yi dariya har na rungume matashi. Ranar nan mutum ya fi ashirin ya shigo, Baffa bai tashi ba sai bayan la'asar, salla kaɗai ta raba shi da kujerar, kuma kowa sai da ya nuna masa inda hannu ya canza. Tsakanin baƙo da baƙo matata na mai da safa, in an yi sallama ta zare, har ta gaji ta ce daga yau kallo sau ɗaya ne, bayan azahar.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da ita, da ƙarfi don na zaure su ji, "Kada a sauke aikin nan sai ya kama. Liman ne, mai unguwa ne, ko wane ne. Wanda ya ga rashin ladabi ya zo Mirriya ya same ni."

Na jira ya fita na ɗauko siririyar fata. Yinin Alhamis guda, amma hudar ta faɗi kusa da ta asuba.

Daga ranar, in an yi sallama matata ce ke amsawa daga ƙofa. "Ku shigo, sai dai ku yi haƙuri, Baffa ya ce kada a sauke aiki." Ba wanda ya ɓata rai. Hasali ma baƙi ƙaruwa suka yi, domin labari ya kai rumfunan dukawa, kuma kowane mai basilla yana so ya ga ɗinkin Larabawa da idonsa ya faɗi nasa. An yi gardama mai zafi a kan ko hannu biyu ne ko uku. Taubashina ya dawo ya ce tun da aka haife ni ba a taɓa samun abin kallo a jikina ba sai yanzu, shi ma ba ni na yi ba. Ni dai ina kwance, hula a kai, ina amsa gaisuwa ta tsakanin yatsun ƙafa. Kwana biyun farko kunya ta dame ni. A na uku na lura matsewar nan ta la'asar ba ta zo ba, har na tambayi matata ko akwai sauran fura.

Ranar randebu muka shiga adaidaita tun da sassafe. Likita ta zare safa, ta danna saman idon sawu. Ramin ya cike kafin ta ɗauke ido. Ta ɗaga pansama, ta daɗe tana dubawa, ta latsa gefe da gefe. Wurin ya bushe, bakin ya fara haɗewa.

Ta ce, "Baba, wannan ƙafar wa ka aro?"

Na ce, "Tawa ce. Maganar Yamai fa?"

Ta ce, "Wace Yamai? Ka koma gida. Amma ka sani, kumburin zai riƙa zuwa yana tafiya har wasu watanni, kada ka ce ka warke ka saki doka. Me ka canza?"

Na ce, "Doka ta farko na bi."

"Da can fa?"

Matata ta buɗe baki, na ce mata mu tafi, akwai masu jiran layi.

Da muka koma gida na wuce ɗakin ciki, karo na farko cikin makonni ba tare da na dafa bango ba. A bayan ƙofa na ga akwati a ɗaure. Na buɗe. Rigunana uku, bargo, buta, carbi, kwanon sha, magunguna a leda, har da yajin da ba gishiri.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Na Yamai ne. Tun ran Litinin na haɗa, ban so ka gani ba."

Na zauna a bakin gado, na daɗe ina kallon kayan. Ta yi ninkin rigunan yadda nake so, wuya a sama.

Na ce, "To kwance, a mai da su adaka. Ki fara da bargo, shi ne a ƙasan adaka. Bayansa riguna."

Ta ce, "Malam, shekara talatin da takwas ni ke jera adakar nan."

Na ce, "Na sani. Bargo tukuna."